Tambaya da Amsa: Na biya bashin banki, me ya sa sunana bai wanku ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ya iyali, ya ƙoƙari? Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa. A daminar 2022 na karɓi rancen naira dubu 300 a wani ƙaramin banki, na sayi iri da taki da maganin feshi, na biya 'yan ƙwadago. Shinkafa ta fara ɗaukar ciki ke nan ruwa ya zo ya shafe gonar, ko tiya ɗaya ban ɗauka ba. Bashin ya zauna a kaina fiye da shekara, kuɗin ruwa da tara suka hau har ya kai dubu 410. A farkon 2024 na sayar da san huɗa ɗaya, muka zauna da manaja, ya ce in kawo dubu 350 a rufe magana, sauran an yafe. Na kai. To bana na je wani banki daban neman rancen injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, don kuɗin fetur ya fi ƙarfina, sai suka ce sunana ya fito da tabo a kwamfuta. Ɗan yayana da ke karatu a Dutse ya duba a waya, ya ce sai bayan shekara bakwai zai goge. Wani kuma a kasuwar Haɗeja ya ce in ba shi dubu 20, yana da yaro a ciki da zai cire min. Malam, wanne zan kama?
Manomi daga Auyo

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Duk mai gona a bakin kogin Haɗeja ya san abin da ruwan 2022 ya yi, tun daga Ringim har yankinku, ba sai ka rantse ba.

Dubu 20 ɗin nan ka bar ta a aljihunka, ko ka sayi taki da ita. Mutumin kasuwar ba shi da yaro a ko'ina. Ko da a ce yana da shi, aikin banza zai yi maka, domin sunanka ba wuri ɗaya yake ba. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tara tarihin masu cin bashi: CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Shi ma Babban Bankin yana da nasa kundin daban, wanda ake kira CRMS. Kamfanonin nan ba su san ka ba, ba su taɓa zuwa Auyo ba. Abin da bankin da ya ba ka rance ya aika musu shi suke ajiyewa a ƙarƙashin lambarka ta BVN, kuma a ƙa'ida duk wata bankin ke sake aikawa. Ka ga ko wani ya yi dabara ya share yau, ƙarshen wata bayanin zai dawo ya zauna inda yake. Wanda ya rubuta shi ne kaɗai zai gyara.

Shi kuwa ɗan yayanka bai yi ƙarya ba, ya dai karanto maka dokar wata ƙasa. Shekara bakwai lissafin Amurka ne. Suna da doka tun 1970 da ta ce bashin da aka yi jinkirin biya, ko aka yi sulhu a kansa aka biya wani ɓangare, ba zai wuce shekara bakwai a rahoton mutum ba, kuma ana ƙirgawa ne daga lokacin da ya fara kasa biya, ba daga ranar da ya biya ba. Wanda kotu ta tabbatar ya karye gaba ɗaya, nasa yana iya kaiwa shekara goma. A Ingila shekara shida ce. Yawancin abin da yaranmu ke karantawa a intanet a kan wannan batu mutanen can ne suka rubuta wa 'yan'uwansu, shi ya sa bakwai ɗin ta cika gari.

Tamu dokar daban take. Ita ce dokar rahoton bashi ta 2017, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar, lokacin yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa. Abin da ta ce shi ne kamfanin zai riƙe bayanin bashin mutum na tsawon lokacin da bai gaza shekara shida ba daga ranar da aka kawo masa shi, bayan nan ya mayar da shi ma'ajiya ya ƙara shekara goma, sannan ne yake da damar lalata shi. Ka lura da bambancin, don a nan mutane ke ruɗewa. Bakwai ɗin Amurka iyaka ce da aka gindaya wa kamfani, ba zai haura ta ba. Shidan Najeriya kuwa mafi ƙaranci ce, an hana shi gogewa kafin ta cika. Tunda labari na ƙarshe da bankinka ya kamata ya aika shi ne na biyan da ka yi a 2024, in kana son lissafin da ba zai ba ka kunya ba, ka sa a ranka wannan bashi zai riƙa fitowa har zuwa 2030 aƙalla.

Na san wannan ba ita ce amsar da kake so ba. Amma ni shekara shidan ba ta dame ni ba kamar wani abu da na tsinta a wasiƙarka.

Ka san littafin bashin mai shago. In ka biya, ba ya yage shafin, layi yake ja a kan sunanka. Duk wanda ya buɗe littafin zai ga ka taɓa cin bashi, zai kuma ga an soke. Haka rahoton nan yake. Biya ba ya ɓatar da tarihi, yana sauya abin da aka rubuta a gaban sunan ne. Tambayar da ta fi "yaushe zai goge" muhimmanci ita ce: an ja layin kuwa?

Na yi shekaru a teburin ba da rance a wani ƙaramin banki kafin in dawo gida Kura in kama noman rani, don haka bari in gaya maka abin da ma'aikacin da ya mayar da kai ya gani. Ya sa lambarka ta BVN, shafi ya buɗe. Ga sunanka da ranar haihuwa, ga sunan bankin da ya ba ka rance, ga ranar da aka ba ka da adadin kuɗin. Gaba kaɗan ga yawan kwanakin da biya ya makara, wanda da zarar ya haura kwana 90 bankuna ke lissafa shi cikin bashin da ya daina tafiya. Sai gurbi biyu da idon ma'aikaci ke fara sauka a kansu: nawa ya rage, kuma a buɗe bashin yake ko a rufe. Babu gurbin da aka rubuta ambaliya. Babu inda aka ce wannan bawan Allah ya rabu da sansa don ya fita haƙƙin mutane.

To ka ce manaja ya ce a kawo dubu 350, sauran an yafe. A ina ya faɗa? In da baki ne, a ofis ko a gindin bishiya, akwai yiwuwar dubu 60 ɗin nan tana nan zaune a kwamfutarsu a matsayin ragowar bashi, kuma duk wata ana aika wa kamfanonin nan cewa kai mai taurin bashi ne. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. A yawancin bankuna manajan reshe ba shi da ikon yafe ko kwabo shi kaɗai. Sai ya rubuta wa hedikwata, kwamitin rance ya amince, sannan wani ya zauna ya shigar da yafiyar a kwamfuta ya rufe asusun. A tsakanin waɗannan matakai takarda kan kwanta. Wani lokaci a yi wa manajan canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san da maganar ba. Wani lokaci kuma, Allah ya kyauta, kuɗin ma a hannu aka karɓa, ba duka ne suka isa asusu ba. Ban ce haka aka yi maka ba, amma "sunanka ya fito da tabo" magana ce mai fuska biyu. Ko dai tabon tsohon jinkiri ne da aka riga aka biya, ko kuma bashi ne da har gobe yake a buɗe. Na farko haƙuri yake so. Na biyu kuwa ko shekara ashirin ka zauna jira ba zai gyaru da kansa ba, don agogon ma bai fara tafiya ba.

Gani ya kori ji. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ana iya nema ta waya a shafin kowane kamfani. Ga aikin da ya dace da ɗan yayan naka, ya zauna kusa da kai ku nema tare. Ku nemi na duka ukun, don ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba: banki na iya gyarawa a wuri ɗaya ya manta da sauran, alhali Babban Banki ya umarci bankuna su duba aƙalla kamfani biyu kafin su ba da rance. Lambar BVN da suna da lambar waya za a tambaye ku. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinka da sunan zai duba maka rahoto, ɓarawo ne.

In rahoton ya nuna babu ragowa kuma an rufe, alhamdu lillahi, an ja layi. In ya nuna ana binka wani abu, sai ka shirya tafiya bankin farko, kuma kada ka je da baki kawai. A rubuta maka takarda, kwafi biyu, a faɗi ranar da kuka yi sulhu, da adadin da aka ce ka kawo, da ranar da ka kai. Ka miƙa ɗaya, su buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayar ka dawo da ita gida. Abu uku za ka nema a ciki: takardar shaidar cewa ba sa binka bashi, a kan takardar banki mai tambari da sa hannu, bayanin asusun rancen da ke nuna ya koma sifili, sannan su aika wa kamfanonin uku gyara. Ka haɗa da duk shaidar biya da kake da ita.

A nan ne manoma da yawa ke faɗuwa. Wani dattijo ya taɓa zuwa teburina da rasit ɗin POS da ya adana cikin leda, ya naɗe a cikin hularsa. Ya warware a hankali ya miƙo min da ƙarfin gwiwa, na duba, takarda fara fat. Zafi da gumi sun cinye rubutun, sai ɗan inuwar lambobi a gefe ɗaya. Irin wannan takarda ba tawada ba ce a jikinta, zafi ne ke fito da rubutun, zafi ne kuma ke kashe shi. Abin da ya cece shi saƙon alat ne da ya rage a tsohuwar wayar ɗansa. In naka rasit ɗin yana karantuwa, yau ɗin nan ka ɗauke shi hoto, ka kai shago a yi maka kwafi. In ta asusunka ka tura kuɗin, bankinka zai iya fitar maka da bayanin watan. In kuwa hannu da hannu ka bayar, ka nemo waɗanda suka shaida, ka tafi da su.

Idan banki ya yi ta yi maka jeka-ka-dawo, ka kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin da ya fitar da rahoton. Doka ta ba su kwanakin aiki goma su bincika su ba ka amsa. In ba a warware ba, ƙofar Babban Banki a buɗe take, suna da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma akwai reshensu a Dutse da Kano. Bayan nan sai kotu, amma da wuya a kai can. Abin da na lura da shi shi ne, takarda mai hatimi tana tayar da ma'aikacin banki daga kujera fiye da zuwa goma na "don Allah a duba min". Sai dai ka sani, ƙorafi na gyara kuskure ne kawai. Jinkirin da ka yi da gaske ya faru, ba wanda zai cire shi.

To shi ke nan ba kai ba rance sai 2030? A'a. Ba dokar da ta hana banki ba wa mai tsohon tabo rance, kowane banki da ma'auninsa. A wurin mai ba da rance, wanda ya makara amma ya biya daban yake da wanda ya ci ya gudu, nesa ba kusa ba. Kuma tabo na rage nauyi da tsufa, musamman in an ga sabon tarihi mai kyau ya biyo bayansa. Don haka in ka sayar da shanshera, kuɗin su bi ta asusunka ko da washegari za ka cire, a ga shige da fice. In ka samu ƙaramin rance da ka tabbata kakar albasa ko alkama za ta biya shi, ka karɓa ka biya kafin ranar. In za ka sake neman na injin, kai ka fara faɗa da bakinka: na taɓa makara a 2022 saboda ruwa, ga takardar da ke nuna na biya. Ma'aikacin da ya ji daga bakinka ba zai kalle ka kamar wanda ya gano da kansa ba. Kada kuma ka bi bankuna shida a wata ɗaya kana cike fom, domin duk wanda ya duba ka ana rubutawa, na bakwai zai ga ka sha yawo. Bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su ma wannan rahoton suke dubawa kafin su sayi kaya su sayar maka.

Ra'ayina, in ka tambaye ni, tsarin bai yi wa manomi adalci sosai ba. Ɗan kasuwar da ya karkatar da rance ya ƙara aure, da manomin da kogi ya cinye wa gona, launi ɗaya suke fitowa a kwamfuta. Abin da ya kamata ya raba su shi ne inshorar amfanin gona, irin wadda hukumar NAIC ke yi, amma sau nawa ake zaunar da manomi a gaya masa an cire kuɗin inshora a rancensa, kuma in ruwa ya ci gona sai ya kai rahoto da wuri kafin shaida ta bushe? Ka duba takardar rancenka ta 2022. In akwai layin inshora a ciki, ka sa tambayar a takardar da za ka kai musu. Gaba kuma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, cewa ta yi a rubuta bashi. Yafiyar ma a rubuta ta, kafin ka saki igiyar san.

TAMBAYA: Malam, mu mata goma ne a yankin Garun Malam, muna turara shinkafa mu shanya mu kai inji. Mun karɓi rance a ƙungiyance. Ɗaya daga cikinmu aurenta ya mutu ta koma garinsu ba ta gama biya ba, sai da muka yi wata biyu muna ja da banki kafin muka haɗa muka biya mata. Ni ban taɓa fashin biyan nawa ba. Laifinta zai shafi sunana?
Uwargida daga Garun Malam

AMSA: Hajiya, sannunku da ƙoƙari, kun yi zumunci. Amsar tana cikin takardar da kuka dangwala wa hannu. Rancen ƙungiya yawanci an gina shi ne a kan kowa ta tsaya wa kowa, shi ya sa ba a tambaye ku fili ko gida ba. In kowace mace da asusun rancenta daban, jinkirin a kan sunan waccan zai zauna, naki ya fito da tsabta. In kuwa rance ɗaya ne da sunan ƙungiya aka jera BVN ɗinku a ƙarƙashinsa, wata biyun nan na iya bin kowa. Ki nemi rahotonki na kyauta ki gani da idonki, shugabar ƙungiya kuma ta karɓo takardar shaidar an gama biya, a yi wa kowa kwafi har da wadda ta tafi. Ita ce ma za ta fi buƙatarta wata rana.

TAMBAYA: Malam, a 2020 wani ya cike min fom na kuɗin korona, ya ce tallafi ne na gwamnati ba a biya. Da kuɗin suka shigo ya karɓi kasonsa. Kwanan baya na sayar da riɗi aka turo min kuɗi a wani banki daban, kafin in je wurin mai POS an kwashe wani abu a ciki, wai biyan bashi. In na sauya layi na buɗe sabon asusu zan tsira?
Matashi daga Roni

AMSA: Ƙanena, ba za ka tsira ba. Kuɗin da Babban Banki ya fitar a 2020 don rage wa magidanta da masu ƙananan sana'o'i raɗaɗin korona rance ne, da wa'adinsa da kuɗin ruwansa, ko me mai cike fom ya gaya maka. Abin da ya taɓa kuɗin riɗinka kuwa tsari ne da ake kira GSI, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020. Mai karɓar rance kan sa hannu cewa in ya kasa biya, a ɗebo daga duk asusun da ke rataye da BVN ɗinsa a kowane banki. Uwar kuɗi da kuɗin ruwa ake ɗiba ta wannan hanya, ban da tara. Ita BVN, tun da aka ƙaddamar da ita a Fabrairun 2014, da zanen yatsunka da hoton fuskarka aka haɗa ta, ba da layin waya ba. Sabon asusu da tsohuwar lambar za a buɗe shi.

Naka ya fi na manomin Auyo nauyi, don shi nasa ana maganar yaushe zai tsufa ne, kai naka a buɗe yake yana ƙara kwanaki. Ka je reshen bankin da kuɗin suka fito, ka ce a buga maka ainihin abin da aka ba ka, da abin da aka cire, da abin da ya rage. Ka roƙi a raba maka ragowar daidai da kakar riɗi da ta gyaɗa, a rubuce, ka riƙa biya kai tsaye cikin asusun rancen ba ta hannun kowa ba. Kason da mai cike fom ya karɓa kuwa, wannan tsakaninku ne, ka kai shi gaban mai unguwa ko dagaci in kana da shaida. A takardar banki sunanka ne kaɗai, kuma duka kuɗin za su nema a wurinka.